Ƙona-Wuya

Da mai gyara ya tura kaset ɗin cikin na'ura, matar marigayi mawaƙi Sarewa ta gyara zama ta kama hannun kujera. Allon ya kawo haske. Babu dandali, babu mijinta, sai ɗigo-ɗigon fari da baƙi suna tafasa kamar ruwa a tukunya. Mai gyara ya mayar baya, ya kai gaba, ya fitar ya hura ya sake sakawa. Haka dai. Sai ya juya kaset ɗin a hannunsa ya ce wannan ba na gidan talabijin ba ne, babu hatimin gidan a bayansa. Wani ya ɗauke na ainihi ya saka wannan a cikin kwalinsa.

Darakta ta dafe kai. Mai ajiya, wadda makullin ɗakin kaset ke hannunta, ta fashe da kuka. Matar Sarewa ba ta yi kuka ba. Ta ce a kira 'yan sanda, kuma ita ba inda za ta je sai an nuna mata mijinta.

Gidan talabijin ɗin yana haɗa shiri ne a kan tarihin Gasar Waƙar Ƙasashe. Gasa ce da aka fara tun talabijin ba shi da launi. Kowace ƙasa ta aika mawaƙi ɗaya, alƙalai su bugo waya su faɗi makinsu, duniya tana kallo. An yi shekarar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar ƙirga maki, an yi shekarar da wata mawaƙiya ta ci ta ƙi karɓar kofi don an faɗi sunanta ba daidai ba. Amma ƙasarsu sau ɗaya tak ta taɓa ci, shekarar da Sarewa ya rera "Bar Min Fitila". Kaset ɗin daren gasar an daɗe da goge shi an naɗi wasan ƙwallo a kai. Kwanan baya mai ajiya tana share bayan kantar da ake jera kaset ta tsinci wani kwali da aka rubuta wa gwajin Sarewa, wato rerawar da ya yi da rana a zauren da babu kowa, kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa. Ba wanda ya samu ya kalla, don na'urar da ke karanta irinsa ta lalace, sai a safiyar nan aka gama gyaranta.

Sarewa ya rasu bara. Muryarsa tana ko'ina, a rediyo, a motar haya, a shagon aski. Motsinsa ne babu. Matarsa ta fara mance yadda yake karkata kai idan zai ja baiti, kuma wannan mantuwar ta fi mutuwar kanta ci mata rai.

Sufeto ta zo, doguwar mace mai magana a hankali. Ta fara da ɗakin ajiya. Ta duba ƙofa, ba a ɓalle ba. Taga ɗaya ce, mai ƙarfe. Ta shafa kwalayen da ke jere a kan kantar, yatsanta ya yi baƙi, ta shinshina kaset ɗin bogin, ta ce na gidan nan duk warin danshi suke yi, wannan kuwa a ɗaki mai kyau ya zauna. Ke nan ɓarawon yana da irin waɗannan tsofaffin kaset a gidansa, kuma da shirinsa ya zo. Ta sa aka ba ta ƙaramin ofis. Da ta ce wa matar Sarewa ta jira a waje, sai matar ta ja kujera ta kai lungu ta zauna.

"Mama, bincike za mu yi."

"Yi abinki, 'yata. Ni kunne kawai na kawo."

Sufeto ta dube ta, ta ƙyale.

Mai ajiya ce ta farko. Tana share hanci ta ce makulli a wuyanta yake kwana. Sufeto ta tambaye ta wa ya san ta tsinci kaset ɗin a ranar da ta tsince shi. Ta ce babu kowa, ita da kanta ta ruga ta kai wa darakta. Sufeto ta ce to mai son satar abu ba ya ɗaukarsa ya kai wa shugabansa, a jaka kawai za ta jefa shi, ba mai sanin ya taɓa wanzuwa. Ta tambaye ta su wa suka shiga ɗakin tun daga ranar. Ta ce darakta ta shiga, sai Mai Baiti, tsohon abokin Sarewa, da ya zo zaɓar tsofaffin hotuna, amma tana tare da shi, in ban da lokacin da ta fita ta kawo masa shayi.

Mai gyara ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ya ce shi ko ƙofar ɗakin ajiya bai san launinta ba, a benci yake tun da aka kawo masa na'urar guntu-guntu. Ya ƙara da cewa da shi ne mai kwaɗayin abin, ai da ya jira yau, ya kwafe a ɓoye ya mayar musu da kayansu, kowa ya yi masa godiya. Mai gadi ya tabbatar bai taɓa wuce bencinsa ba. Darakta kuwa ta riga ta yi ta talla a kan kaset ɗin, an gayyato baƙi daga ƙasashe, ɓatansa kujerarta yake girgizawa. Sufeto ba ta daɗe da ita ba.

Sai Mai Baiti. Tsoho ne mai tsafta, mai sanda da babbar jakar fata. Sunansa ne a bayan kowane faifan "Bar Min Fitila" a matsayin wanda ya rubuta waƙar, kuma a ƙarshen shirin za a miƙa masa lambar girma. Ba a tambaye shi ba ya fara tarihi. Ya faɗi shekarar da aka hana hawa dandali da dabba saboda wani ya zo da aku, ya faɗi dokar da ta ce ba a karɓar waƙa sai wanda ya rubuta ta yana da katin ƙungiyar marubuta. Ya kawo labarin da kowa ya haddace, yadda ya karye a ƙafa ana saura kaɗan tafiya, Sarewa ya tafi shi kaɗai, shi kuma ya kalli gasar a gadon asibiti, ya yi tsallen murna har ɗaurin ya kwance. Sufeto ta tambaye shi ko yana da tsohuwar na'urar kaset a gida. Ya yi dariya ya ce ya daɗe da bai wa jikoki sun yi wasa da ita.

Da zai fita ya tsaya a gaban matar Sarewa ya rage murya irin ta masu ta'aziyya.

"Amaryarmu, ki yi haƙuri, za a gan shi. Na san abokina ciki da waje. Da yana nan cewa zai yi, haba Ƙona-wuya, share hawayenki."

Ta ɗaga ido ta dube shi. Ta ce ta gode, Allah ya bar zumunci. Ya fita yana dogara sanda.

Sai da ƙarar sandar ta yi nisa sannan ta ce wa Sufeto ta rufe ƙofa.

"Shi ne ya ɗauka."

Sufeto ta ce ita ma hankalinta ya kai kan jakar nan da shayin nan, amma zato ba ya kama mutum. Matar Sarewa ta ce ba zato take yi ba. Ta ba ta labarin sunan. Da safen da Sarewa zai tafi, tana goge masa rigar dandali, hankalinta ya tafi kan tafiyar, dutsen guga ya cinye wuyan rigar. Ta zauna tana kuka. Shi kuwa ya yi ta dariya, ya ɗaura ƙyalle a wuya ya rufe wurin. Ƙyallen nan da samari suka yi ta kwaikwayo shekara da shekaru suna cewa ado ne, ɓarnarta yake rufewa. A bakin ƙofa ya raɗa mata sunan. Tun daga nan ba ya faɗinsa sai su biyu a ɗaki, ko 'ya'yansu ba su san shi ba, don mutum ne mai kunya, a gaban mutane ko hannunta ba ya riƙewa.

Sufeto ta ce mai yiwuwa ya taɓa faɗa wa abokinsa a cikin hira.

"Mutumin nan ya ci abinci a gidana fiye da shekara talatin. Da ya san sunan, da ya tsokane ni da shi har na gaji. Bakinsa ba ya riƙe abu. Yau ya fara faɗa, don kwanan nan ya ji."

Ta ce wuri ɗaya ne Sarewa ya taɓa furta shi a waje. Da ya dawo da kofi ya gaya mata cewa a wurin gwaji, da ya ga kujeru babu kowa, makaɗan kuma 'yan ƙasar da ta karɓi gasar ne ba sa jin harshensa, sai ya cire "masoyiya" daga baitin ya saka sunanta. Ta yi masa faɗa a lokacin. Shi ya sa ta zo da sassafe yau, abin da take jira ta ji ke nan.

Sufeto ta tambaye ta me zai sa mutumin da za a karrama ya saci kaset. Matar Sarewa ta ce ai waƙar a ɗakinsu aka yi ta, tana ninke kaya yana ja yana gyarawa. Sarewa ba shi da katin ƙungiya, abokinsa yana da shi, sai aka sa sunan abokin don waƙar ta shiga. Bayan an ci, Sarewa ya ce a bar masa, shi murya ta ishe shi. Wataƙila tsohon yana tsoron abin da mijinta ya faɗa a gaban kyamara da ba shi a wurin.

Sufeto ta aika a dawo da Mai Baiti. Ta ba shi kujera mai kyau, ta ce tana neman taimakonsa ne a matsayinsa na masanin tarihin gasar. Ta ce sunan nan da ya kira Mama da shi ya ba ta dariya, a ina ya samo asali? Ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Ai a wurin gwaji ne. Ya zo baitin nan, maimakon ya ce bar min fitila masoyiya, sai ya ce bar min fitila Ƙona-wuya, yana taɓa ƙyallen wuyansa. Har mai goge ya ɗaga kai ya dube shi."

"Mai goge ya ɗaga kai."

"Ƙwarai."

"Baba, daga gadon asibiti ka hango shi?"

Ya yi ƙoƙarin gyara maganar. Ya ce Sarewa ne ya ba shi labari. Sufeto ta ce ba ta ƙi ba, amma gwajin nan ba a taɓa nuna shi a talabijin ba, na'urar gidan nan sai yau ta tashi, shi ne aka bari shi kaɗai a ɗakin ajiya da jaka, kuma yana ba da labarin kamar wanda ya gani da idonsa. Ta ce ko ya raka su gidansa da ƙafarsa, ko ta samo takardar bincike su je da mota mai jiniya maƙwabta suna kallo. Zaɓi ya rage gare shi.

Ya dubi matar Sarewa. Ba ta kawar da kai ba. Ya ce su je.

Na'urar tana falonsa, an lulluɓe ta da mayafin tebur an ɗora tukunyar fure a kai. Kaset ɗin yana ciki, da hatimin gidan talabijin a bayansa. A kan tebur akwai ashana. Ya ce da niyyar ƙonawa ya ɗauko, sai ya ce bari ya fara ganin abin da ke ciki. Da ya ga abokinsa yana tafiya yana dariya, sai ya kasa. Kullum sai ya kunna. Ya ce a ƙarshen gwajin wani tafinta ya tambayi Sarewa wa ya yi waƙar, Sarewa ya nuna ƙirjinsa ya ce shi ya yi wa matarsa.

Matar Sarewa ta ce, "Da ka tambaye ni, da na ce ka riƙe sunanka a bayan faifai har ka mutu. Shi ya bar maka, ni ban taɓa nema ba. Mijina kawai na zo gani, shi ka ɗauke ka kawo falonka kana kallo kai kaɗai."

Tsohon ya zauna ya rufe fuska da hannu. Sufeto ta ce maganar sata tana tsakaninsa da gidan talabijin, maganar lamba kuma kaset ɗin zai yi ta da bakinsa ranar shiri. Ta miƙa hannu za ta fitar da shi ta saka a leda, sai matar Sarewa ta riƙe mata wuyan hannu.

"'Yata, tun safe nake zaune."

Sufeto ta dubi na'urar, ta dubi matar. Ta danna maɓalli, ta ja Mai Baiti suka fita baranda, ta jawo ƙofa.

Allon ya yi rawa ya daidaita. Ga zaure, ga kujeru jere babu kowa, ga shi ya fito daga gefe, siriri, da ƙyallen a wuya. Ya gyara makirufo. Ya karkata kai hagu, daidai yadda ta kusa mancewa. Ta matso da kujera har gwiwarta ta taɓa tebur. Ya ja baitin farko, ya ja na biyu, ya waiga ya tabbatar ba kowa, ya sa yatsa a wuyan rigar yana danne dariya.

"Bar min fitila, Ƙona-wuya."

Ta ce, "Na'am."