Lamba Goma Sha Huɗu ta Ƙofar Wambai

Kwamfuta, kebul, filas biyu, ruwan leda. Su ke nan a jakar Sufeto Maimuna Jalo lokacin da keke ya sauke ta a Ƙofar Wambai. Filas ɗaya na Ɗanlarai ne, mai shagon gem, inda ake wasan kwamfuta. Ɗayan a kasuwar Wunti aka sayo shi.

Ɗanlarai ya daɗe yana warware fayilolin wani wasan ƙwallo da masu shi suka matse suka kulle. Ya cire ƙungiyoyin Turai, ya zuba na unguwannin Bauchi, kowane ɗan wasa da fuskarsa da makinsa. Wani kamfani a Legas ya gani, ya yi masa alkawarin aiki. Sai ga wasan a kasuwa, an goge sunansa an sa "Zaki". Kamfanin ya ce ko ya nuna ɓarawon, ko a ɗauka aikin wani ya kawo musu.

Ban da shi, mutum uku ke taɓa kwamfutar shagon: Olu mai gyara, Mansir ɗalibi daga Gubi, da Sabitu, yayan Ɗanlarai, mai tsaron shagon.

Maimuna ta tara su a shagon, har da Ɗanlarai. Abu na farko da ta gani, an buɗe fayilolin na kasuwar an sake matse su. Ta tura wa Olu kwamfutar.

"Buɗe min wannan."

"Madam, ni inji nake gyara. Ko ka ba ni har gobe, ban san kansa da ƙafarsa ba."

Ya gwada. Ko manhajar bai gano ba. Ta sallame shi.

"Kai fa, Mansir? Ka iya warwarewa?"

"Na iya, ranki ya daɗe. Amma ni ma ina cikin wasan, duba makina a na kasuwar."

"Hamsin da biyu."

"To da ni ne, zan sayar wa duk Bauchi kaina a hamsin da biyu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta warware filas ɗin biyu, ta jera su layi da layi. Ban da sunan da aka goge, bambanci ɗaya ne. A ƙungiyar Ƙofar Wambai an ƙara mutum, ba suna, ba fuska. Lamba goma sha huɗu, ƙafar hagu, gudu casa'in da tara. A gurbin rauni an sa sifili: duk yadda aka tokare shi ba zai karye ba.

"Wa ke sa goma sha huɗu a unguwar nan?"

Mansir ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofa, Sabitu ya gyara zaman ƙafarsa ta hagu, wadda ba ta lanƙwasuwa tun da aka karya ta a fili.

"Mai neman riba kwafa yake yi ya wuce," in ji Maimuna. "Wannan zama ya yi ya ƙara mutum. Wa ya koya maka, Malam Sabitu?"

"Ɗanlarai. Don in riƙa taya shi gyara launin riguna." Ya dubi ƙanensa. "Har Hammawa mai shayi ka sa a benci. Ni da na ci wa unguwar nan kofi, ka tsallake ni."

"Yaya, ai da ka yi magana."

"In yi magana ka sa ni don tausayi?"

"To sunana fa? Me ya sa ka goge?"

"Don ka ji yadda abin yake."

Maimuna ta naɗe kebul ɗinta. "Legas suna so a ba su suna, Ɗanlarai. In na rubuta, da Sabitu zan tafi ofis. In ka janye, aikin ya tafi. Magana ta rage gare ka."

Ɗanlarai ya miƙa hannu. Sabitu ya daɗe kafin ya ciro makullin shagon daga aljihu ya ba shi. Duk suka fito. Ɗanlarai ya jawo ƙofar ƙarfen, ya datse kwaɗo.

"Ki rubuta sunansa, Sufeto. Cikakke."