Lissafin da Ya Ƙi Tsayawa

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin da Injiniya yake aiki. Matarsa ta leƙa tsakar gida, ba kowa. Ya ce yaran makwabta ne, bai ko ɗago daga kwamfuta ba.

Lissafin bututun ruwa na wata sabuwar unguwa yake yi. Ƙarfin ruwan kowane bututu ya dogara da na sauran, don haka abin ba ya warwaruwa da hannu. Manhaja ake ba hasashen farko, ta gwada, ta gyara, ta sake gwadawa, har kuskuren ya ƙanƙance ta tsaya. Tasa ta ƙi tsayawa. Wani ƙaramin ma'aikaci a ofis ya ce hasashen ne ya yi nisa, ya kawo nasa, Injiniya ya yi masa dariya a gaban mutane. Da ya dawo gida sai ya goge layin da ke sa manhajar ta haƙura in gwaji ya yi yawa, ya bar ta tana yi. Lambobin suka shiga lilo tsakanin wuri biyu, su hau, su sauko, su sake hawa.

Washegari da yamma 'yarsu Auta ta ajiye tsintsiya ta fara tafiya. Daga wannan bangon falo zuwa wancan, ta juya, ta dawo. Ba ta ci, ba ta amsa kira. Kwanaki suka tura, tafin ƙafarta ya tsage. Duwatsu kuwa duk faɗuwar rana sai sun zo.

Tun farko Injiniya ya lura. Daga kujerarsa yana hango falon, kuma duk sanda lambobin suka juya, yarinyar ma juyawa take. Bai gaya wa kowa ba. Tashi ya yi ya tura ƙofar.

Matarsa ce ta kira malam, ta shigo da shi ta ƙofar baya kamar yadda maigidan ya roƙa. Dattijon ya zauna ya daɗe yana karatu, haske yana janyewa daga tagogi. Can yarinyar ta yi magana, ba ta fasa tafiya ba. Muryar ta wani tsoho ce, a gajiye.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Ni ma so nake in tafi."

"Me ya riƙe ka?"

"Wucewa nake na ga ana ƙirge, na tsaya in ga ƙarshe. Mu ba ma barin ƙirge a tsakiya. Wannan kullum ya kusa, kullum bai kai ba."

"To a kashe na'urar."

"Ku kashe, in zauna inda aka tsaya. Ni da ita."

"Me kake so?"

"Ya kai ƙarshe. Maigidan ya san abin da zai sa. Ya kuma san da ni tun ranar da ya tura ƙofa."

Yarinyar ta kai bango, ta juya.

"Baban Auta," matar ta ce a hankali, "wace ƙofa?"

Injiniya ya miƙe. Ya shiga ɗakin, ya bar ƙofar a buɗe, suna kallon bayansa. Lambar hasashen da ƙaramin ma'aikacin ya kawo tana kansa, bai taɓa mantawa da ita ba. Ya sa ta a manhajar.

Auta ba ta kai bango ba ta juya. Dawowar ma ta rage. Taku uku, taku biyu, rabin taku, jikinta yana ɗan rangaji kamar guga a bakin rijiya. Sai ta tsaya cak a tsakiyar falon, ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta.

"Mama, ƙafata."

Malam ya miƙe yana neman takalminsa. A bakin ɗakin ya dakata, ya dubi allon kwamfutar.

"Dama gyaran layi ɗaya ne, Injiniya?"

"Layi ɗaya ne."

Matar ta kawo ruwan ɗumi a roba. Injiniya ya durƙusa zai kama ƙafar 'yarsa, ta janye robar zuwa ɗaya gefen, ba ta dube shi ba.