Amigar Alhaji Tamba

Ranar da Nuriyya ta fara shiga shagon Zayyanu mai gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, rungume da kwali ta shigo, ta dire shi kan tebur ba ta ko kalli kujerar da ya nuna mata ba. Tsohuwar kwamfuta ce, Amiga, wadda mahaifinta Alhaji Tamba yake rubuta sunayen ango da amarya da ita a kaset ɗin bidiyon biki a Argungu. Yanzu da ta ɗan yi zafi sai ta ɗauke, ga duk zane-zanensa na shekaru suna cikin faya-fayenta.

Zayyanu ya leƙa kwalin ya taɓe baki. "Wagga ai sa'ar kakata ce."

"Taka mai kukan injin niƙa fa?" Ta nuna kwamfutarsa ƙirar 486 da haɓa.

Ya ji haushi, amma idonsa ya ƙi barin fuskarta. Ya ce ba ta gyaruwa, sai dai a sa wata kwamfuta ta kwaikwaye ta. Akwai manhajar da ke yin haka, amma dole a kwafo ROM ɗin Amigar, wato manhajar da aka dasa a cikinta, tun tana da sauran numfashi, a kuma jawo abin da ke faya-fayen ta kebul, don sauran kwamfutoci ba sa karanta irinsu.

Haka ta riƙa zuwa daga Argungu suna kwafa suna faɗa. Ranar gwaji zanen ya buɗe a 486 ɗin, sai dai kowane harafi jan ciki yake kafin ya fito.

"Kahin ta gama rubuta sunan amarya an yi sunan ɗan hwari," in ji Nuriyya.

"Kwamfuta Pentium take so, mai ƙwaƙwalwar ram megabait talatin da biyu. Tawa takwas gare ta."

"To da mi kake taƙama?"

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garin ba. Da la'asar ya tura mata saƙo: "Gimbiyar masu reni, kin isa lahiya? Shago ya yi shiru, ba mai zagina."

Ta amsa: "Na isa, Injin Niƙa. Ka ci abinci."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Alhaji Tamba, tsaki ya ja. "Mai kwance kayan mutane shi kasa haɗawa? Ba ni ba shi ɗiyata." Shi hankalinsa yana kan Abdussamadu, ɗan amininsa, mai shagon buga takardu da sabuwar Pentium da yake lulluɓewa da mayafi.

Ba a jima ba wani ya gaya wa Zayyanu ya ga Nuriyya a shagon Abdussamadu. Ya rubuta mata: "Allah ya sanya alheri. Mai Pentium ya fi ni." Ya daina cin abincin kirki, ya tura kwalin Amigar ƙarƙashin tebur.

Ranar Asabar sai ga ta, bayanta Abdussamadu ɗauke da kwamfutarsa, bayansa Alhaji Tamba.

"Aro na je yi maka, marar wayo," ta ce a hankali. "Na hwaɗa mai injin nake so, ba shi ba. Ya yarda ne don shi ga ka kunyata."

Zayyanu ya ɗora manhajar a kan Pentium ɗin, ya haɗa ta da ROM ɗin, ya buɗe faifan farko. Haruffa masu ruwan zinariya suka sulalo sumul, da furannin da Alhaji ya zana da hannunsa. Dattijon ya ja kujera ya zauna, ya yi ta buɗe aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Launin bai kai na tawa ba," ya ce daga ƙarshe. Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. "Ka turo magabatanka."

Abdussamadu ya zare wayoyinsa ya fita ko sallama babu.

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure a Argungu. Da za a kai amarya, Alhaji Tamba ya dafa kanta. "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. Ke kuma ki rage mai baki."

Ta ce amin daga cikin lulluɓi, tana kuka tana dariya.