Saniyar Gidan Dutse

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Wannan ya faru da Tanimu, abokina da ke aikin yi wa shanu allura a tsaunin Mambila.

Ruwan sama ya tare shi a hanya. Ko'ina ciyawa ce da tuddai, ba bishiya, ba rugar kowa. Sai wani tsohon gidan gona na dutse, wanda aka gyara don saukar baƙi. Sabon kwano, sabon fenti.

Mai gadin, Baba Jibo, ya buɗe masa ɗaki.

"Kai ina za ka kwana, Baba?"

"Ƙauye. Ni ba na kwana nan."

"Me ya sa?"

"Allah ya tashe mu lafiya," in ji tsohon, ya tafi.

Tanimu ya yi isha, ya kwanta. Can cikin barci ya ji warin kashin shanu, ɗanye. A ɗakin da aka shimfiɗa wa sabon siminti. Sai numfashi mai ɗumi ya sauka a wuyansa.

Ya haska tocila. Wata tsohuwa ce tsaye a bakin ƙofa, ƙofar da ya kulle da hannunsa. Ana zuba ruwa a waje, amma zanenta a bushe.

"Kai ne likitan shanu?"

Bakinta ya motsa a gabansa, muryar kuwa daga bayansa ta fito.

"Ni ne, Inna."

"Nan garkenmu ne tun kafin a ɗora dutse. Saniyata na naƙuda, ɗan ya ƙi fitowa. Ga ta gefen gadonka."

Ya duba. Babu komai.

"Miƙa hannu."

Ya miƙa. Yatsunsa suka taɓa fata mai gumi, tana hawa tana sauka.

"In ta mutu fa?" ya tambaya.

"Sai ka zauna ka yi mana kiwo."

Ya yi bisimilla a zuci, ya rufe ido, ya cusa hannu har kafaɗa. Ƙafar maraƙin ce ta lanƙwashe. Ya lallaɓa ya miƙar da ita, ya ja. Wani abu mai nauyi ya faɗo ƙasa. Shiru. Ko motsi babu. Can sai abin ya yi atishawa.

Tsohuwar ta kama hannunsa na dama, ta tofa masa miyau mai sanyi.

"Ladanka ke nan. Kada rana ta same ka nan."

Ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Tun daga ranar, duk saniya marar lafiya da ya shafa da hannun nan sai ta miƙe. Amma hannun bai sake yin ɗumi ba. Da matarsa ta haihu, ya miƙa shi zai ɗauki jaririn, yaron ya ƙanƙame yana tsala kuka. Har yau da hagu yake ɗaukarsa.

In tafiya ta kai ku tsaunin nan, kuka ga mai gadi ya ƙi kwana a gidan da yake gadi, ku bi shi ƙauye.