Allon Da Ke Makara

Sufeton 'yan sanda na cikin shan shayin safe wata Hajiya ta faɗo ofishinsa, mayafi na neman zamewa daga kafaɗarta.

"Yallaɓai, ana sata a kamfanina, kuma ba a fasa ko taga ba."

Sufeto ya ture kofin gefe. "Zauna, Hajiya. Me kuke sayarwa?"

"Dillancin hannun jari muke yi. Kwastomomina galibi 'yan fansho ne. Mutum zai ga farashi a allonmu ya sayar, ya koma gida 'ya'yansa su ce an cuce shi, a lokacin farashin ya fi haka. Hukuma ta ce za ta ƙwace lasisina."

"Wa kike zargi?"

"Injiniyanmu. Shi ya ɗora mana sabuwar manhajar farashi."

Kafin rana ta yi zafi Sufeto da Sajan suna kamfanin. Falo ne mai kujerun roba da fanka mai ƙara. Tsofaffi sun zuba wa wani ƙaton allo ido, jadawalin farashi na hawa da sauka, kore da ja, kamar haƙoran zarto.

Injiniya yana wani ɗan ɗaki cike da wayoyi, zufa ta jiƙa masa riga.

"Kai ka zaɓi manhajar nan?"

"Ni ɗorawa kawai na yi, ranka ya daɗe. Uku muka gwada. Na ce a ɗauki mai tsada, don ita ke kawo farashi kai tsaye daga kasuwa. Dogo ya ce duk ɗaya ne, a ɗauki mai araha."

"Waye Dogo?"

"Babban dillali. Ɗan yayan Hajiya ne."

"Ka faɗa wa Hajiya haka?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Wa zai shiga tsakanin mutum da ɗansa?"

Dogo yana bayan kanta, sanye da kwat mai sheƙi. Ya tarbi Sufeto da fara'a har kunne.

"Yallaɓai, ni me na sani game da na'ura? Wayata ma yara ke saita min. Abin da allo ya nuna, shi nake bi, kamar kowa."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya nemi kujera cikin tsofaffin ya zauna. Ba allon ya riƙa kallo ba, Dogo yake kallo. Mutumin yakan leƙa ƙarƙashin kanta, ya yi murmushi, ya yafito wani tsoho ya ce, "Baba, sayar yanzu, faɗuwa zai yi." Bayan an jima kuma sai jadawalin ya cilla sama, tsohon ya dafe kai.

Da Dogo ya fita cin abinci, Sufeto ya matsa kusa da allon. A kusurwar ƙasa akwai sitika mai tambarin kamfanin. Ya sa farce ya ɗaga gefenta. Ga ƙananan haruffa a ƙasa: farashin nan yana da jinkirin kwatan awa.

Ya mayar da sitikar yadda take, ya koma ɗakin wayoyi.

"Manhajar nan mai tsada, suna ba da gwaji kyauta?"

"Suna bayarwa."

"Ɗora ta a allon yanzu. Launi da komai su zama irin na da. Kada Hajiya ma ta ji."

Dogo ya dawo yana sakace, ya zauna, ya leƙa ƙarƙashin kanta. Ya ɗago ya dubi allo. Ya sake leƙawa. Tsinken ya faɗi daga bakinsa.

"Kai! Wa ya taɓa allon nan? Ai bai kamata ya kai nan ba tukuna!"

Hajiya ta fito daga ofishinta jin ihun.

"Tukuna?" in ji Sufeto, yana miƙewa a hankali. "Ina ya kamata ya tsaya, malam? Na ɗauka abin da allo ya nuna kake bi, kamar kowa."

"A'a, nufina..."

"Sajan, duba min ƙasan kantar nan."

Sajan ya zura hannu ya fito da waya, an manne ta da salatif. Ya ɗaga ta kusa da allon. Jadawali iri ɗaya, lamba iri ɗaya, suna motsi tare. Sufeto ya yage sitikar ya miƙa wa Hajiya, ya sa aka mayar da tsohuwar manhajar, ya nuna mata rubutun.

"Hajiya, kwastomominki labarin da ya wuce suke kallo. Dogo kuwa ya biya wa kansa manhaja mai kai tsaye a wayar nan. In ya ga farashi ya tashi, sai ya tsorata tsoho ya sayar a tsohon farashi. Saura mu ji wanda ke saye."

Dogo ya zube a kujera. "Asusun matata ne. Ba ta ma sani ba. Gwaggo, wallahi sau ɗaya na yi niyya, sai abin ya yi daɗi."

"Ni na goya ka," in ji Hajiya. "Kada ka ƙara ce min Gwaggo a gaban mutanen nan."

Sajan ya ɗana masa ankwa. Tsofaffin suka tashi da sowa, wani har da ɗaga sanda sama, suka raka su bakin ƙofa.

Hajiya ta juya wajen Injiniya. "Ɗana, ka yafe min. Maido mana mai tsadar nan, ko nawa ce."

Sufeto ya tura ƙeyar Dogo cikin mota, ya rufe ƙofa. Ta taga ya jiyo muryar wani tsoho daga falon, yana dariya yana buga ƙafa.

"Ku bar min kayana! Yau ba mai sa ni sayarwa, da idona nake ganin yana hawa!"