Ruwan Da Mijina Ya Ɗura A Kwalba

"Ki rufa min asiri, rabin raina... don Allah!"

A barandar ofishin shugaban asibiti mijina ya tare ni, jaririyata a kafaɗa, ɗinkin cikina ko warkewa bai yi ba. Likita ne mai sa barci a ɗakin tiyata, wanda marasa lafiya ke sa wa albarka. Ni ce na san dalilin da ya sa ba ya cire riga mai dogon hannu ko ana zafi.

"Asiri?" Na yi dariyar da ta ja min ɗinki. "Yau ka san ciwo?"

Ranar da aka yi min tiyatar haihuwa, barci na sakina zafi ya turnuƙe ni. Nas ta yi min allurar kashe zafi, kamar ba a yi ba. Ta ƙara, shiru. Ina ihu ina cizon matashi, har wata ta ce raki ne irin na haihuwar fari. Shi kuwa yana tsaye a kaina, gumi na karyo masa. Sai da muryata ta dushe na ji ya raɗa wa nas, "Kar ki ƙara ɗauka daga wannan kwalin, buɗe sabo."

A nan na gane. Shi ke zuƙe maganin ya tsira wa kansa, ya ɗura ruwa a kwalaben ya mayar. Ruwan nan aka yi ta dirka min, yana kallo.

"Ban san zai faɗo kanki ba, wallahi..."

"Da kan matar wani ya faɗo fa? Shi ke nan?"

Surukata ta matso ta kama mayafina. "'Yata, ki dubi yarinyar nan. Idan aka ƙwace lasisinsa me za ta taso ta tarar? Ai ya ce zai daina."

"Mama, tun ina amarya yake dainawa."

An dakatar da nas ɗin bisa zargin ita ke satar maganin, kwamitin bincike na neman jin ta bakina. Ba zan yi ƙarya ba, ba tausayinta ne ya kawo ni ba. So nake shi ma ya ɗanɗana. So nake ya yi ihu a rasa mai jin sa. Abin haushin, har yanzu in ya ce "rabin raina" sai ƙirjina ya amsa, kamar wata sakarya.

Ya durƙusa a gaban mutane, babban likita guda. "Ki hukunta ni a gida, duk yadda kike so!"

"A gida na yi ta yafe maka."

Na miƙa wa Mama jikarta, na tura ƙofa. Shugaban ya nuna min kujera, ya tambaya ko akwai wanda nake zargi.

Hawaye suka riga ni magana. Na bar su suka zuba, sannan na ce, "Mijina."