Ranar Da Wendell Ya Ba Marden Nasarar Ƙarya

Wendell Hoekstra ya fara ganin Lorena Dekker ne a shekarar 1925, a tashar rediyon garin Marden, wani ɗan ɗaki a saman kantin sayar da irin masara a jihar Iowa. Shi malamin makaranta ne, yana karanta darasin tarihi da safe, ita kuma tana kaɗa fiyano da zarar ya gama.

Ranar da ta fara shigowa tana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga hularta, sai da ya maimaita layi ɗaya har sau biyu.

"Malam," ta raɗa masa, "wannan yaƙin ai ka riga ka gama shi."

Kunnuwansa suka yi ja. Tun daga ranar take kiransa Malamina, shi kuma yana kiranta Rena.

Sai dai Chester, mai sharhin wasanni na tashar, shi ma yana sonta. Ranar wasan ƙarshe na ƙwallon kwando da garin Tilbury, Chester ya zo da mayafi a wuya.

"Muryata ta dishe, Farfesa. Kai za ka yi sharhi. Ai ka iya surutu."

Wendell ya karɓa don kar a ce ya ji tsoro. Yana cikin sharhi sai ya hango Chester zaune kusa da Lorena, yana ta zuba da murya garau. Zuciyarsa ta tafasa, idonsa ya bar fili. A daidai lokacin Tilbury ta jefa ƙwallon ƙarshe. Ihu ya tashi, Wendell ya ɗauka na mutanensu ne.

"Marden ta yi nasara! Marden ta yi nasara!"

Mista Dekker, mahaifin Lorena kuma dattijon coci, yana gida kunnensa a jikin rediyo. Ko kwat bai saka ba ya ruga ya hau kaɗa ƙararrawar coci. Mata suka fito da kek, manoma suka taru a bakin titi. Sai ga 'yan wasa sun dawo kawunansu a sunkuye.

"Kar in sake jin sunansa a gidan nan," in ji Mista Dekker. "Da furfurata ya mai da ni abin dariya!"

Wendell ya daina zuwa tasha. Ta bayan gidaje yake bi zuwa makaranta, ɗalibansa kuwa da ya juya baya sai su ce, "Malam, wa ya ci?" Abinci ma ya gagare shi.

Rannan ya tarar da 'yar takarda a ƙofarsa: "Malamina, Chester ne ya zo ya zauna, ban kira shi ba, kuma na gaya masa abin da ba zai manta ba. Kuskurenka bai ba ni kunya ba. Ɓuyan nan naka ne yake ba ni. Renarka."

Washegari ya hau benen tashar, ya tsaya gaban makirufo.

"Jama'ar Marden, yau babu tarihi. Na faɗa muku abin da ban gani ba, domin hankalina ba ya kan wasan. Kishi ne ya rufe min ido. Ku yafe min, musamman Mista Dekker."

Lorena ta sunkuyar da kai, ta ɗora yatsunta a kan fiyano, hawaye na sauka.

Da yamma ya je gidansu, hula a hannu. Tsohon ya tare shi da tambaya.

"Kishin wa?"

"Na… na 'yarka, ranka ya daɗe."

"Duk gundumar nan ta gane, har kurma. Ka kunyata ni, yanzu ka kunyata ta."

"Baba, ni ban ji haushi ba," Lorena ta ce daga bayan ƙofar kicin.

Mista Dekker ya yi tsaki, ya ja kujera da ƙafa. "Zauna, miya na hucewa. Ni da ban iya ba da haƙuri ko a gaban matata ba, me zan ce da wanda ya bayar a gaban duniya?"

An ɗaura auren bayan girbin masara. Da fasto ya tambaye shi ko ya amince, Wendell ya amsa ƙasa-ƙasa yana kallon takalmansa. Lorena ta matse hannunsa.

"Ɗaga murya, ɗana," Mista Dekker ya ce daga bayansu, "hannuna ya gaji da jiran sa albarka."

"Na amince!"

Coci ya ɗauki dariya. Tsohon ya dafa kawunansu, idonsa a jiƙe.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya rufa muku asiri."

"Amin," in ji Marden baki ɗaya.